Yadda ake rubutu a takardar tambayoyin jarrabawar Turanci ba tare da asarar maki ba

Yawancin ɗaliban da ke zuwa darasin yamma a nan Kumasi, daga Aboabo da Asawase da Sabon Zango, sun riga sun rubuta BECE da WASSCE, jarrabawoyin kammala ƙaramar sakandare da babba da hukumar WAEC ke shiryawa, don haka suna ganin sun san ɗakin jarrabawa. Sai ranar da suka zauna gwajin IELTS, jarrabawar Turanci ta masu neman karatu ko aiki a ƙasar waje, su gane cewa kowace jarrabawa da dokarta a kan inda za ka sa alƙalami. Abu guda ne bai canzawa: mai maki ba ya ganin takardar tambayoyi. Abin da ka rubuta a takardar amsa shi kaɗai ake ƙirgawa.

Da farko ka san wace jarrabawa ce a gabanka. A ta WAEC, ɓangaren canki-canka, an yarda ka yi ƙwaƙule-ƙwaƙulenka a jikin takardar tambayoyi, sannan ka cike gurbi a takardar amsa da fensir 2B, domin na'ura ce ke karantawa. A IELTS ta takarda ma an yarda ka ja layi, ka zagaye kalma, ka rubuta a gefe. Amma TOEIC, wata jarrabawar Turancin, an santa da hana rubutu a littafin tambayoyi, ko ɗigo ne. TOEFL ta kwamfuta kuwa takardar gwaji ake ba ka, a karɓe ta in ka gama. Kada ka ɗauki abin da yayanka ya yi shekaru biyar da suka wuce ka mai da shi doka. Karanta bangon takardar, ka kasa kunne ga mai sa ido, in ba ka gane ba ka ɗaga hannu kafin a fara. Ko maganar abin rubutu ta canza: an daɗe ana yin IELTS da fensir, yanzu cibiyoyi da dama baƙin biro suke so. Saƙon da aka turo maka bayan rajista shi zai gaya maka.

Na biyu, in an yarda ka yi rubutu, ka yi kaɗan. Ni alama uku nake koyarwa, ba na yarda da ƙari. Layi a ƙarƙashin kalmar da tambaya ta rataya a kanta, kamar suna ko shekara ko wuri. Lambar tambaya a gefen sakin layin da ka ga amsarta. Da ƙaramar alamar tambaya a kan wadda ka tsallake. Ɗalibin da ya ja layi a rabin shafi bai ja komai ba, domin in ya dawo nema duk layukan iri ɗaya ne a idonsa. Kuma a zauren WAEC kada ka zana A, B, C manya-manya a gefen takarda. Mai sa ido zai ce na kusa da kai kake nuna wa, kuma rantsuwa ba za ta fitar da kai ba.

Yanzu ga inda ake faɗuwa, wato kwashe amsa zuwa takardar amsa. A IELTS ta takarda, ɓangaren saurare kusan minti 30 ne, tambaya 40, sannan a ba ka ƙarin minti 10 don ka kwashe amsoshinka. Daga nan sai a shiga ɓangaren karatu: nassi uku, tambaya 40, minti 60. Wannan ba shi da ƙarin lokacin kwashewa ko na daƙiƙa ɗaya. Ɗalibi ya saba da minti goman farko, sai ya zaci za a sake ba shi.

Akwai wata ma'aikaciyar jinya da ke shirin tafiya Ingila, ta zauna gwaji a ajinmu. Da na ce a ajiye alƙalami sai ta ɗago kai ta ce, "Malam, ai ban kwashe ba tukuna." Na ɗauki takardar tambayoyinta, ga amsoshi a jere a gefe da rubutu mai kyau, yawancinsu daidai. Takardar amsa kuwa ta tsaya a ƙarshen nassi na farko, sauran gurabe fari fat. Na ce mata, "Ƙanwata, gara da ya faru a nan." Turancinta ba shi da laifi. Da ranar jarrabawar gaske ce, da dubban sidin rajista sun tafi, ga jiran wata rana, ga takardun aiki da za su tsaya.

Ga yadda za ka yi. Ka raba sa'ar gida uku, minti 20 ga kowane nassi, kuma kwashewa tana cikin minti ashirin ɗin. Kana gama nassi na farko, kafin ka buɗe na biyu, ka kwashe. In ma za ka iya, amsar da ka tabbatar da ita ka rubuta ta kai tsaye a takardar amsa, takardar tambayoyi ta zama wurin nema kawai. Ba a shiga da agogon hannu, don haka ka saba da kallon na bango tun a gida.

Lokacin kwashewa ka ɗora yatsan hagu a kan lambar tambaya, ka karanta lambar a zuciyarka kafin ka rubuta. Dalili kuwa, wanda ya tsallake tambaya ta 14 ya manta bai bar gurbinta ba, amsar 15 za ta shiga 14, ta 16 ta shiga 15, haka har ƙasa. Wannan ya fi yawa a canki-cankar WAEC, inda gurabe suke ƙanana a jere. Maganinsa kada ka bar gurbi ko ɗaya. Ba a rage maki don amsa ta zama kuskure, saboda haka ka sa zato, ka yi wa tambayar alama, ka dawo in lokaci ya rage.

A wurin kwashewa ne kuma ake zubar da harafi. Ɗalibi ya ji kalma da jam'i, ya rubuta ta daidai a gefe, da ya zo kwashewa sai ya bar "s" ɗin ƙarshe, maki ya tafi. In an ce kada amsa ta wuce kalma biyu, uku kuskure ne ko da ma'anar daidai ce. In an nemi TRUE, FALSE ko NOT GIVEN, su za ka rubuta, kada ka sa YES ko NO. Mai rubutun da ba ya karantuwa ya yi da manyan baƙaƙe, an yarda.

Wata shawara da ba ta da tsada: ka samo samfurin takardar amsa, ka kai wa mai fotokwafi a Adum ko Kejetia ya buga maka da yawa. Kuɗinsu bai kai na littafi ɗaya ba. Duk gwajin da za ka yi a gida ka yi shi a kanta, da agogo. Masu rubuta amsa a littafin makaranta suna koyon Turanci, amma hannunsu bai koyi jarrabawar ba.

Gyara kuwa, in fensir ne ka goge tas, domin na'ura tana iya ɗaukar gurbi biyu ta hana ka makin. Ka sayi magogi mai laushi, masu tauri suna barin baƙi. In biro ne ka soke da layi ɗaya ka rubuta sabuwar a gefe.

A ɓangaren rubutu na IELTS ka tsara shirinka a takardar tambayoyi, layi huɗu ko biyar sun isa, aiki na farko aƙalla kalma 150, na biyu aƙalla 250. In ta kwamfuta ka zaɓa, ana haskaka kalma a allo, kuma bayan saurare minti 2 kawai ake bayarwa na dubawa. Kada ka yaga komai daga takardar WAEC, kada ka rubuta lambar waya ko roƙo ga mai maki a littafin amsa. In an ce a tsaya ka ajiye alƙalami nan take, ko da rabin kalma ka rubuta, kuma a IELTS takardar tambayoyi ba ta fita daga ɗakin, da ita da ta amsa duka za ka miƙa.