Yadda za ka koya wa matasa asalin ikilisiyoyin bishara

Kada ka fara da jera shekarun tarihi. Ni nakan ba kowane matashi Littafi Mai Tsarki a hannu, mu buɗe Yohanna sura 3, wani ya karanta hirar Yesu da Nikodimu da ƙarfi. Sai in tambaya: mene ne sabuwar haihuwa? Ka bar su su yi shiru, su yi tunani. Nan ne zuciyar lamarin, kuma ba na son a yi gaggawa a kansa.

Daga nan ka kawo alamomi huɗu na ikilisiyoyin bishara da masanin tarihi David Bebbington ya fayyace a 1989: tuba, ikon Littafi Mai Tsarki, gicciyen Almasihu, da himmar yaɗa bishara. Ka fi daɗewa a kan gicciye. Matasa da yawa sun ɗauka halin kirki ne ke ceto, alhali koyarwar ita ce ceto kyauta ne ta wurin bangaskiya.

Tarihi kuwa, ka taƙaita. Martin Luther, wanda ya fara gyaran ikilisiya a Jamus, 1517. Sai farkawar ƙarni na 18 a Ingila da Amurka, lokacin da George Whitefield da John Wesley suka fita wa'azi a fili. Kada ka tsallake William Wilberforce, wanda bangaskiyarsa ta sa ya yaƙi cinikin bayi har majalisar Birtaniya ta haramta shi a 1807. Ka rufe da taron bishara na birnin Lausanne a Switzerland na 1974, inda mai wa'azi Billy Graham ya tara wakilai daga ƙasashe kusan 150.