Yadda Ake Zaɓen Gwarzon Dokin Sukuwa na Shekara

Idan ƙungiyar masu dawaki a Argungu ko Birnin Kebbi ta yanke shawarar karrama dokin da ya yi zarra a shekara, aikin zaɓen yana farawa ne daga sukuwar farko, ba daren da za a raba kofi ba. Sababbin kwamitoci sukan zauna a ƙarshen shekara suna dogaro da abin da kowa ya tuna, kuma abin da ake tunawa shi ne sukuwar da ta fi kusa da kuma dokin da aka fi yi wa kirari.

Saboda haka a fara da littafi. A naɗa mutum ɗaya wanda ba shi da doki a barga, ya riƙa rubuta sakamakon kowace sukuwa a ranar da aka yi ta: nisan da aka yi, yanayin ƙasa, nauyin mahayi haɗe da sirdi, dawakin da suka shiga duka, da tazarar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu da na uku. Ba sai an sayi na'ura mai tsada ba, domin waya guda da aka tsayar daidai layin ƙarshe tana ɗaukar bidiyo ta wadatar, kuma ita ce za ta kashe gardama daga baya.

Sai a raba dawakin aji-aji. Dokin tsere na asalin Ingila, wanda zuriyarsa ke komawa ga ingarmu uku da aka kai can daga gabas fiye da shekaru 290 da suka wuce, ba a auna shi da dokin Arewa ko na Sudan, kowanne da kambunsa. A lambobin Eclipse na Amurka, waɗanda aka fara a 1971, ana ware 'yan shekara biyu, 'yan shekara uku da manya, ana ware goɗiyoyi daga ingarmu, haka kuma masu gajeren zango suna da nasu. Ni dai ina ganin aji huɗu ya ishe mu, domin idan lambobi suka yi yawa har kowane mai doki ya koma gida da ɗaya, darajarsu ta zube.

Mataki na uku shi ne inda akasarin masu zaɓe ke tuntuɓe, wato auna nauyin nasara. Ƙirga yawan kofuna ba awo ba ne. Dokin da ya ci sau shida a ƙananan taruka, inda mai shi yake kauce wa duk filin da ya ji an kawo gwani, bai kai wanda ya ci sau uku a gaban manyan dawakin shekara ba. Abin tambaya a kan kowace nasara shi ne: wa ya kayar, kuma me wanda aka kayar ɗin ya yi bayan nan? Dokin nan Frankel na Ingila ya ci sukuwa 14 cikin 14, amma abin da ya tabbatar wa masana girmansa shi ne dawakin da ya bari a baya. A 2012, a filin Ascot, ya ba Excelebration tazarar tsawon doki 11, alhali Excelebration ɗin nan yana cin manyan gasanni a Faransa da Ingila idan Frankel ba ya cikin fili. Haka za a yi da littafinmu: a ɗauki kowane ɗan takara, a bi sunayen waɗanda suka zo na biyu da na uku a bayansa, a duba ko sun ci wani abu a wani wuri. Idan ba su taɓa ci ba, nasarar ba ta da nauyi komai faɗin tazarar.

Daga nan a duba kaya. Ƙiyasin da masu auna dawaki ke amfani da shi shi ne, a nisan mita 1,600, kusan kilo ɗaya na nauyi daidai yake da tsawon doki ɗaya. Ke nan dokin da ya ɗauki kilo 60 ya sha kashi da tsawon doki ɗaya a hannun mai ɗauke da kilo 55, shi ne ya fi gudu a ranar, kuma wajibi ne littafi ya nuna haka. Lokacin agogo kuwa kada a ba shi muhimmanci sosai, domin gudu a rairayi da gudu a ƙasa mai tauri ba ɗaya ba ne, kuma filayenmu ba a auna su da igiya ɗaya ba.

Haɗuwa gaba da gaba tana da ƙarfi, amma ba ita kaɗai ke yanke hukunci ba. A 2010 wani ingarma mai suna Blame ya kayar da goɗiyar nan Zenyatta da tsawon kai kawai a babbar gasar Amurka ta Breeders' Cup Classic, kashinta na farko kuma na ƙarshe cikin sukuwa 20, duk da haka ita aka zaɓa gwarzuwar shekara, kuma masu sukuwa sun daɗe suna jayayya a kai. A nawa ra'ayin, idan tarihin dawaki biyu na shekarar ya yi kunnen doki, wanda ya kayar da ɗan'uwansa da kaya daidai shi ya cancanta.

Masu jefa ƙuri'a kada su gaza bakwai, kuma adadinsu ya zama mara. Mai doki, mai horar da shi da mahayinsa ba sa zaɓe a ajin da dokinsu yake. Lambobin Cartier na Turai, da aka fara a 1991, suna haɗa makin da doki ya tara a manyan gasanni da ra'ayin 'yan jarida da na masu karanta jaridu, kuma wannan tsari ya fi dacewa da mu: rabi daga littafi, rabi daga ƙuri'a. A rubuta ƙuri'a a takarda ba tare da suna ba, domin a zauren da hakimi ko attajiri yake zaune, da wuya ƙaramin mutum ya ɗaga hannu don ƙin zaɓen dokin babban.

A ƙirga a gaban kowa, a sanar da sakamako tare da makin kowane doki, a kuma tanadi kyauta ta musamman ga yaron barga da ya yi ɗawainiyar gwarzon.