Yadda Ake Ƙirga Shahuna Masu Ƙaura a Mashigin Mesina

Daga tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Mayu, shahunan da suka zo cin rani Afirka suke kama hanyar komawa Turai domin yin sheƙa. Ba sa son ratsa teku mai faɗi, saboda iska mai ɗumi da ke ɗaga su sama ba tare da kaɗa fiffike ba daga ƙasa take tasowa, ba daga ruwa ba. Shi ya sa masu bi ta Tunisiya suke tsallakawa tsibirin Sisili, sannan su taru a mashigin Mesina, inda tazarar tsibirin da sauran ƙasar Italiya ba ta fi kilomita 3 da 'yan kai ba. Fiye da 20,000 ke wucewa ta nan a bazara ɗaya, kuma 'yan sa-kai ne ke tsayuwar ƙirga su. Sansanin da 'yan sa-kan ke taruwa ya samo asali ne a 1984, lokacin da wata mai kare tsuntsaye, Anna Giordano, da abokan aikinta suka fara gadin tsuntsayen daga maharban da ke kakkaɓo dubbai duk shekara.

Abu na farko, kada ka je kai kaɗai. Nemi ƙungiyar da ke shirya sansanin tun watan Fabrairu, ka gaya musu makon da za ka samu. In da hali, zaɓi makonni biyun farko na Mayu, lokacin ne shahon zuma ke kwararowa. Shi ne mafi yawa a nan, mai tone gidan rina ya cinye tsutsar, kuma dazuzzukan yammaci da tsakiyar Afirka yake barowa.

Kaya kuwa, madubin hangen nesa mai lamba 8x42 ko 10x42 ya wadatar. Kada ka ɓata kuɗinka kan babban madubi mai ƙafa uku, sansani na da shi. Na'urar ƙirge ma ba sai ka saya ba: ɗan carbin dannawa da ake maƙalawa a yatsa yana yin aikin sarai. Samu guda biyu, ɗaya na shahon zuma, ɗaya na sauran. Ka riƙe rigar sanyi ko da rana ta take, domin iskar kan duwatsun Feloritani na Sisili, inda ake tsayuwar ƙirgen, ba ta da wasa. Fensir nake so, ba biro ba.

Kafin ka hau dutse, koyi siffa uku kawai, kuma ka manta da launi. Shahon zuma akwai fari-fari, akwai ja-ja, akwai baƙi ƙirin, duk jinsi ɗaya ne. Dubi kansa ƙarami da ya miƙo gaba, da doguwar jela, da fikafikan da yake shimfiɗawa daidai in yana sulalewa. Shahon fadama ɗage fikafikansa yake sama kaɗan, yana tangaɗi. Shirwa kuwa ka san ta, jelarta mai baki biyu tana ta murɗa ta.

To, ga inda sababbi ke faɗuwa, kusan dukkansu. Garke zai ɓullo daga bayan tsauni, ya sami iska mai ɗumi, ya shiga kewaya yana hawa. Ganin haka sai sabon zuwa ya ruɗe, ya hau danna carbi. Tsuntsun da ya wuce ta dama ya zagayo ta hagu, ya sake danna masa. Wasu sun shige gajimare, wasu sababbi sun shigo ta ƙasa. Garken 60 sai ya koma 150 a takarda, shi kuma yana ta murna. Ban taɓa ganin wanda ya ƙirga garke mai kewaya daidai ba, komai daɗewarsa a aikin.

Haƙuri za ka yi. Idan sun kai ƙarshen hawan, da kansu za su fara zarewa daga sama ɗaya bayan ɗaya, su miƙe layi su nufi gabar Kalabriya da ke tsallaken mashigin. A nan ake ƙirge, kamar yadda makiyayi ke tsayawa bakin ƙofar garke yana lissafa awakinsa suna fita. Zaɓi alama ɗaya da ba ta motsi, ƙololuwar dutse ko turken sadarwa, ka kafa madubinka a kanta. Wanda ya gifta alamar shi ke samun danni, wanda bai gifta ba bai wuce ba tukuna. Kada ka bi wani kyakkyawan tsuntsu da madubi, kana binsa ashirin sun wuce ka. Idan layin ya yi kauri har yatsa ya gaza, koma goma-goma: ƙirga goma na gaske, riƙe girman wurin da suka cika a idonka, ka riƙa aunawa da shi. Sai ka sa alama a takarda cewa kiyasi ne.

Ku raba aiki tun da safe. Mutum ɗaya ke ƙirge, ɗaya ke tantance jinsi, ɗaya ke rubutu, kuma mai ƙirge ba a yi masa magana. Wajen tsakar rana tsuntsayen kan yi nisa sama har su zama ɗigo-ɗigo, a nan ne ake cewa yau babu komai alhali suna bisa kanku. Riƙa share gefen farin gajimare da madubi, a jikinsa suke fitowa fili. In garke ya koma baya saboda iska ta juya, cire shi daga lissafi, gobe ko an jima zai dawo. In akwai wata tawaga a tsaunin gaba, ku yi waya ku faɗi lokaci da adadi, kada garke ɗaya ya shiga littafi biyu.

Wanda ba ka gane ba, rubuta "shaho, ba a tantance ba". Babu abin kunya a ciki. Cankar suna ita ke ɓata lissafin da ake kwatanta shi da na shekarun baya don a san ko jinsin na raguwa.

Sauran mai sauƙi ne. Kowace awa ka rubuta inda iska ke busowa, ƙarfinta, da yawan gajimare. Awar da ba a ga komai ba a sa sifili, kada a bar gurbin fayau. In ka ji ƙarar bindiga, rubuta lokaci da wuri ka sanar da shugaban sansani, shi zai kira jami'an gandun daji, kai kada ka tunkari kowa. Da yamma ku haɗa takardu ku shigar da alƙaluman kafin barci.

Wanda ke gida kuma ba shi da hanyar Italiya, ya gwada hannunsa kan shirwar da ke kewaya saman kwata, ko ya je dausayin Haɗejiya da Nguru a watan Maris, ya rubuta ranar ƙarshe da ya ga shahon fadama a eBird, manhajar da masu kallon tsuntsaye ke rubuta abin da suka gani.