Yadda Ake Zaɓen Girman Ƙyallen Tausasa Haske Don Ɗaukar Hoto Da Bidiyo

Duk wanda ya taɓa ɗaukar hoton mutum a fili da tsakar rana a Kano ko Sakkwato ya san abin da rana take yi wa fuska. Idanu sukan nutse cikin duhu, goshi da karan hanci su yi ƙyalli, inuwar hula kuma ta raba fuskar gida biyu. Maganin da ma'aikatan fim suka daɗe suna amfani da shi shi ne sikirim, wato farin ƙyalle mai barin haske ya ratsa shi, wanda ake ɗamewa a jikin firam a sanya shi tsakanin rana ko fitila da wanda ake ɗauka. Ana ƙera waɗannan firam a ma'aunai sanannu, wato ƙafa 4 sau 4, da 6 sau 6, da 8 sau 8, da 12 sau 12, da kuma 20 sau 20, ban da ɗan zagayayyen nan mai naɗewa wanda faɗinsa yake kai santimita 80 ko 110. Ga yadda ake gane wanda ya dace da aikin da ke gaban mutum.

Mataki na farko shi ne a tsayar da abin da zai shiga cikin hoton tun kafin a taɓa kayan haske. Idan fuska da kafaɗun mutum ɗaya kawai za a ɗauka, kamar hoton amarya na kusa ko hirar da ake yi da baƙo a zaune, mai ƙafa 4 ya wadatar, har ma zagayayyen da yaro ɗaya zai riƙe yana iya yin aikin. Idan daga kai zuwa ƙugu ne, ko mutum biyu da suka matsu da juna, sai a koma mai ƙafa 6. Mutum ɗaya ko biyu a tsaye tun daga kai har ƙafa suna buƙatar mai ƙafa 8 aƙalla, taron mutum biyar ko shida kuwa, irin ƙawayen amarya cikin anko, ko ɗan wasan da zai yi taku uku ko huɗu yana magana, sai mai ƙafa 12. Shi mai ƙafa 20 na mota ne ko na babban tsakar gida, kuma ba kayan ƙaramar tawaga ba ne.

Wannan lissafi mafari ne kawai, domin abin da ya kamata a auna ba jikin mutumin ba ne, inuwar da ƙyallen zai yi ce, kuma mataki na biyu ke nan. A nan ne aka fi yin asara. Idan aka shimfiɗa sikirim a sama kamar rufi, inuwarsa ba ta faɗa daidai ƙarƙashinsa sai lokacin da rana take tsaka. Da zarar rana ta karkata, inuwar takan zame gefe, kuma zamewar tana ƙaruwa daga kai zuwa ƙafa. A lokacin da rana take rabin hanya tsakanin ƙasa da tsakiyar sama, wato digiri 45, wanda a arewacin Nijeriya yakan zo wajen ƙarfe tara da rabi na safe da kuma uku da rabi na yamma, mutum mai tsawon ƙafa 6 yana cinye ƙafa 6 na tsawon ƙyallen kafin ma a yi maganar faɗin jikinsa. Shi ya sa ake ganin hotunan da fuska ta yi laushi, amma daga gwiwa zuwa ƙasa rana ta ƙone farar shadda. Dabarar da take rage wannan ita ce a karkata firam ɗin ya fuskanci rana sosai, domin idan aka yi haka ƙafa huɗu da ɗan ɗoriya sun isa su rufe tsawon mutumin nan.

Sannan rana ba ta jiran kowa. Tana tafiyar digiri 15 a kowace awa, saboda haka sikirim ɗin da aka ɗaga ƙafa 10 daga ƙasa da tsakar rana, inuwarsa za ta matsa fiye da ƙafa biyu da rabi cikin awa guda. Mai hoto wanda zai gama cikin minti goma bai damu da wannan ba, amma mai bidiyo da zai maimaita fitowa ɗaya sau bakwai, ɗan wasa yana manta magana ana sakewa, dole ne ya bar rarar ƙafa biyu a kowane gefe, in ba haka ba ya riƙa tsayar da aiki ana jan ƙarafunan da suke riƙe da firam ɗin. A ganina, wannan shi ne babban dalilin da ya sa mai bidiyo ya kamata ya ɗauki girman da ke gaba da wanda mai hoto zai ɗauka a wuri ɗaya.

Mataki na uku shi ne a duba nisan da za a iya kusanto da ƙyallen ba tare da ya leƙo cikin hoto ba. Laushin haske bai dogara da girman ƙyallen shi kaɗai ba, ya dogara ne da yadda girmansa yake a idon wanda ake ɗauka. Rana ta fi duniya girma nesa ba kusa ba, amma saboda nisanta faɗinta a sama bai wuce rabin digiri ba, shi ya sa bakin inuwarta yake da kaifi. Haka nan mai ƙafa 4 da aka ajiye ƙafa 4 daga fuska yana ba da laushi daidai da mai ƙafa 12 da aka ajiye ƙafa 12. Ƙa'idar da ma'aikata suke bi ita ce kada nisan ya wuce faɗin ƙyallen sosai, idan ya kai ninki biyu to laushin ya fara gudu. Saboda haka idan hoton mai faɗi ne, wanda zai tilasta a janye kayan haske baya, sai a ƙara girma gwargwadon janyewar. Wannan batu ya fi muhimmanci ga baƙar fata, domin tana mayar da siffar abin da ya haska ta. Ƙaramin ƙyalle daga nesa yakan bar ɗigon ƙyalli a goshi da kumatu, musamman idan an yi gumi, babba daga kusa kuwa yakan shimfiɗa sheƙi mai faɗi wanda yake fito da tsarin fuska ba tare da an nemi ƙarin hoda ba.

Idan da fitila za a yi aiki a cikin ɗaki, akwai mataki na huɗu, wato a tabbata fitilar za ta iya cika ƙyallen da haske. Idan tsakiyarsa kaɗai ta haska, to girman da aka samu shi ne girman wannan da'irar, sauran yadin asara ne. Fitilun LED da yawa suna zuwa da kwanon da yake baza haske kimanin digiri 55, wanda ke nufin faɗin hasken yana kusan daidai da nisan fitilar, don haka mai ƙafa 8 yana buƙatar a ja fitila baya ƙafa 8. A haɗa wannan da tazarar da ke tsakanin ƙyallen da ɗan wasa, sai a ga ɗakin ƙafa 12 ya cika tun kafin a kafa kyamara. Rufin yawancin gidajenmu bai wuce ƙafa 10 ba, ga kuma fankar sama, saboda haka a cikin gida mai ƙafa 6 shi ne ya fi shiga ko'ina. A kuma tuna cewa duk lokacin da aka ninka nisan fitila, hasken da ke isa ƙyallen yakan ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, don haka wanda yake da ƙaramar fitila da ƙaramin janareta bai kamata ya yi kwaɗayin babban firam ba.

Kaurin yadin wani zaɓi ne daban, amma yana taɓa maganar girma. Mai kaurin da ake kira cikakken siliki yana cin fiye da rabin hasken da ya faɗa masa, mara kaurin da ake kira kwata kuwa abin da yake ci bai kai haka ba. A fili, idan aka rufe mutum da mai kauri aka ƙara buɗe idon kyamara don fuskarsa ta samu isasshen haske, bangon da ke bayansa wanda rana take duka zai wanke fari fat. A irin wannan hali ya fi kyau a yi amfani da mara kauri, ko a nemi wurin da bayan yake cikin inuwar bishiya ko gini, maimakon a ce sai an samo ƙyallen da zai rufe har bangon.

Mataki na ƙarshe, wanda shi ne yake yanke hukunci a lokeshin, shi ne iska da yawan hannun da ake da shi. Mai ƙafa 12 ba ninki biyu na mai ƙafa 6 ba ne, ninki huɗu ne, domin shimfiɗarsa murabba'in ƙafa 144 ce, ta wancan kuwa 36. Ƙarfin da iska take turawa da shi kuma yakan ninka huɗu idan gudunta ya ninka biyu. Idan mai ƙafa 12 yana tsaye iska mai gudun kilomita 30 a awa ta buge shi kai tsaye, nauyin da take ɗora masa ya haura na buhun siminti, kuma wannan nauyi yana rataye ne a saman kan mutane. Saboda haka yana buƙatar manyan ƙarafunan dogarawa guda biyu, da buhunan yashi a gindin kowanne, da igiya a kusurwoyinsa huɗu, da mutanen da ba su da wani aiki sai kula da shi. Tawagar mutum uku ta tsaya a kan mai ƙafa 6 ko 8. Lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, iska tana da ƙarfi da hantsi, sai dai hazo da kansa yana rage kaifin rana, don haka sau da yawa ƙarami mara kauri ya isa. Farkon damina ya fi haɗari, domin iskar da ke gaban hadari ba ta sallama. Da an ga gabas ta yi baƙi, a kwance ƙyallen daga jikin firam tukuna, sannan a sauke ƙarafuna.

Wanda kuɗinsa na guda ɗaya ne, kuma aikinsa hotunan biki ne da hirarraki da gajerun bidiyo, mai ƙafa 6 ya fi yi masa amfani, babba kuwa ya yi hayarsa ranar da aiki ya nema. Idan mai walda zai ƙera firam ɗin, a ce ya yi shi da bututun alminiyam mai rabuwa biyu, yadda kowane guntu ba zai wuce ƙafa 3 ba, ya shiga but ɗin mota ko adaidaita sahu. Yadin kasuwa da yawa faɗinsa inci 60 ne, wato ƙafa 5, don haka sai tela ya yi haɗi. A roƙe shi ya kai ɗinkin can gefe, kuma kafin a biya kuɗin yadin a ɗaga shi a rana a ɗauki hoton fuska ta ƙarƙashinsa, domin wani farin yadin yana zuba wa fata shuɗi-shuɗi wanda ido ba ya gani sai kyamara.