Turancin makaranta daban, na mai gidan haya daban

Duk wanda ya sauka Ingila daga gida da Turancinsa yake zuwa, wani ma har da digiri biyu. Amma kalma ɗaya tana sauya ma'ana gwargwadon inda ta faɗo, su kuma sababbin zuwa ba sa son tambaya, wai kada a ce ba su iya ba.

Gaisuwa ba ta da wuya. In Bature ya ce maka "you alright?", sannu kawai yake yi, kada ka tsaya ba shi labarin ciwon bayanka.

Wajen haya ake kuka. "Deposit" iri biyu ne. Akwai "holding deposit", wato kafin alƙalami da za a riƙe maka gida. Dokar 2019 ta ce kada ya wuce hayar mako ɗaya, kuma in ka fasa, mai gida na iya cinyewa. Ɗayan kuɗin ajiya ne saboda ɓarna, iyakarsa hayar mako biyar a yawancin gidaje, kuma dole a saka shi a asusun kariya da gwamnati ta amince da shi cikin kwana 30. Ka nemi shaidar hakan a rubuce. Wani ƙaninmu ya biya kafin alƙalami a gida biyu lokaci guda, wai zai zaɓa daga baya ya karɓi kuɗin ɗayan. Da ya kira ni yana faɗa, aikin gama ya riga ya gama.

Sai lissafi. In tallar gida ta ce fam 200 "pw", wato a mako, kada ka ninka da huɗu don sanin kuɗin wata. Da 52 ake ninkawa a raba gida 12, wato kusan fam 867 a wata. "Bills included" ma, wato kuɗin su wuta da ruwa na cikin haya, ka tambaya: wuta da ruwa kawai, ko har da harajin ƙaramar hukuma (council tax)?

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne "no recourse to public funds" da ke kan biza, wato ba ka da damar karɓar tallafin gwamnati. Na ga uwa ta riƙe yaro da zazzaɓi a ɗaki don tsoron kada a kore su. Haba! Tallafi irin su Universal Credit da kuɗin yara ake nufi. Ganin likita da makarantar gwamnati ba sa ciki.

Alhamdulillahi, mutanenmu a nan ba sa ƙyashin taimako. Kafin ka sa hannu a kowace takarda, kawo ta masallaci bayan Juma'a a duba maka, ko ka je Citizens Advice, ƙungiyar ba jama'a shawara, kyauta ne.