Kurakuran da nake gani wajen sayen takardun lamuni na kare muhalli

A wata guda matasa uku suka same ni a shagona a kasuwar Kejetia da ke Kumasi, Ghana, da magana ɗaya: "Hajiya, takardar gwamnati ce, kuma ta dasa itatuwa ce, ai babu asara." Suna nufin takardar lamuni ta kare muhalli, wato takardar "kore": ka ranta wa gwamnati kuɗi don ayyukan muhalli, ta biya ka da riba. Na gaji da maimaita amsa, shi ya sa na rubuta.

Babban kuskure shi ne ɗauka cewa sunan gwamnati katanga ce. Ni ma haka na ɗauka. A 2021 na kwashe kuɗin da nake tara wa auren 'yata na sayi takardar lamuni mai dogon wa'adi, ina jin na ajiye su inda ɓarawo ba ya kaiwa. Sai Disambar 2022 ta zo da shirin musayar bashin cikin gida, aka ba mutane sababbin takardu masu ƙaramar riba. A wannan watan hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin ɗari. Kuɗina suna nan a rubuce, amma kujeru da gadon da na yi ciniki a Bantama sun fi ƙarfinsu. Na tsaya gaban kafinta riƙe da takarda, na kasa cewa komai. A Accra kuwa tsofaffin 'yan fansho sun yi makonni suna zaman dirshan a ƙofar ma'aikatar kuɗi. To ku ji: rubuta "muhalli" a kan takarda bai canza mai cin bashin ba. Baitulmalin da zai biya waccan shi zai biya wannan. Tun lokacin ba na sa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ajiyata a takarda mai shekaru. Kuɗin da zan buƙata kafin babbar Sallah suna zama a hannu ko a kaya. Wasu na cewa na cika tsoro. Su faɗa.

Kuskure na biyu yana ƙona min rai. Wani ya zagaya Aboabo da fom mai hoton bishiyoyi, yana cewa a tura kuɗi ta Momo, wato asusun wayar salula, kuma mutane suka tura! Haba jama'a, a 2019 hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari ta Ghana ta soke lasisin kamfanonin juya kuɗi 53, har yanzu ba mu koyi tambayar lasisi ba? Takardar gwamnati ta hannun banki ko dillali mai rajista ake saye, ba ta lambar wayar wani ba.

Sannan a tambayi inda kuɗin za su tafi. Najeriya ta fitar da irin wannan takarda a Disambar 2017, ta naira biliyan 10.69, kuma an ambaci ayyukan: wutar sola da dashen itatuwa. Duk wanda ya ga yadda galamse, wato haƙar zinare ba bisa ƙa'ida ba, ta mayar da kogin Offin kamar kunu zai so kuɗinsa su yi aiki, amma in babu jerin ayyuka da rahoto, kore a baki ne kawai.

Masu 'yan'uwa a Ingila su sani, takardar ajiya ta muhalli da gwamnatin can ta fara sayar wa jama'a a 2021 kulle kuɗi ta yi shekara uku.

Kada a zuba kuɗin adashi, na mutane ne.

Batun kuɗin ruwa kuma, a je wa malam da shi kafin a sa hannu. Wata maƙwabciyata sai da riba ta shigo ta fara tambaya, har yau kuɗin suna asusu ta rasa yadda za ta yi da su.