In likita ya ce fatar tumbinka ta fara canzawa, ga abin yi

Mutanenmu na Agege da Mile 12, da cikin mutum ya fara zafi sai a ce olsa ce, a wuce kemis a sayo omeprazole, wani shekara da shekaru a haka. Ranar da aka leƙa cikin da na'ura, aka tsinko ɗan nama aka kai lab, sakamako ya fito wai fatar cikin tumbi ta siranta ko ta fara rikiɗa irin ta hanji, sai hankali ya tashi a ce shikenan kansa ce. Ba kansa ba ce tukuna, kuma mafi yawan masu wannan canjin ba sa kaiwa can, amma sai an bibiya.

Fara da tambayar likita ko an duba maka H. pylori, wata ƙwayar cuta da ke zama a tumbi, don ita ce kan gaba wajen jawo abin, tun 1994 hukumar binciken kansa ta WHO ta sa ta cikin masu haddasa kansa. In tana nan za a haɗa maka magunguna, yawanci na kwana 14. Ka shanye su tas ko da bakinka ya yi ɗaci, masu ajiyewa a kwana biyar don sun ji sauƙi su ne ƙwayar ke dawo musu ta ƙi jin magani.

Bayan sati 4 da gamawa ka koma a tabbatar ta mutu, ta gwajin bayan gida ko na numfashi, banda na jini don shi ko ta mutu zai iya nuna tana nan. Kuma a dakatar da omeprazole sati 2 kafin gwajin, in ba haka ba zai iya ɓoye ta.

Ka tambaya ko canjin a gefe ɗaya yake ko ya bazu, in ya bazu galibi duk shekara 3 ake sake leƙawa, in mahaifi ko ɗan'uwa ya taɓa kansar ciki lallai ka faɗa. Asibitocin koyarwa na Legas, LUTH a Idi-Araba da LASUTH a Ikeja, duk suna da likitocin ciki. Takardar lab ɗin nan ka ɗauke ta hoto a waya, ana yawan neman ta.

Sigari a bari, a rage gishiri da kifi banda. Baƙin bayan gida kamar kwalta, aman jini, rama ba dalili ko abinci na tsayawa a wuya, wannan kar ka jira ranar da aka ba ka, asibiti a ranar.